Gyaran Ɗaki: Fari, ruwan madara, ruwan ƙasa ko ruwan toka?

  

Tun da aka fara ɗaure damman hatsi tambaya ɗaya ke ta zuwa wannan fili daga ƙungiyoyi daban-daban: wane launi ya fi dacewa a shafa wa cikin ɗaki? Wasu za su kai ɗiya ɗakin miji kafin azumi, wasu kuma ana dab da fasa asusu, suna so su fidda nasu ɗakin kunya. Kuma kusan kowa ta ce ta gaji da kore shar da shuɗi mai kashe ido, tana son launi mai natsuwa, wanda ba ya faɗa da labule ko zanen gado ko kayan jere. Irin waɗannan launuka huɗu ne a kasuwanninmu: fari, ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske, da ruwan toka. Yau za mu jera su mu duba ɗaya bayan ɗaya. Maganar ba ƙarama ba ce, don kuɗin bokitin fenti zubin makonni da yawa ne, kuma in an shafa an shafa ke nan, ba a maida shi kanti.

Kafin launi, wane irin bango gare ki?

Nan ne kuɗin mata da yawa ke zubewa. In bangonki na ƙasa ne, yaɓe kawai aka yi masa, kada ki yarda kowa ya sayar miki da fentin gwangwani. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, yana fidda ita da rani. Fenti, musamman na mai, fata yake yi a kansa ya toshe hanyar, sai laimar ta taru a ƙarƙashi, ya kumbura ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa, har ya tafi da yaɓen. Abin da ya dace da bangon ƙasa shi ne farar ƙasa, wadda iyayenmu suka saba da ita, domin tana barin bango ya sha iska. Aibinta ɗaya: tana gogewa a jikin tufafi, kuma tana son a sabunta ta shekara-shekara. In aka jiƙa ɗan ƙaro aka tace aka zuba a ciki, tana ƙara kama jiki.

In kuwa an yi shafen siminti, to kina da zaɓi. Sai dai sabon shafe yana son a bar shi kamar mako huɗu ya bushe sarai kafin a sa masa fenti. Na san yadda hidimar biki take, yau magini ya sauka gobe a ce mai fenti ya hau. To wannan gaggawar ce ke sa bayan wata biyu ki ga farin gishiri yana fitowa a bango, fentin yana yin dabbare-dabbare. Haka kuma in an taɓa shafa wa simintin farar ƙasa, fenti ba zai zauna a kanta ba sai an kankare ta an wanke. Ki duba tsaga da ramukan gara ki cike su tukuna; sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka.

Fari

Babu launin da ya kai fari maido da haske. Wajen kashi 80 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa yakan dawo cikin ɗaki. Ɗakunanmu da yawa taga ɗaya ce ƙarama, wani ma babu sai ƙofa, ga shi da dare fitilar hasken rana ɗaya ce ake rabawa tsakanin mai tankaɗe da yaro mai bitar karatu. A irin wannan ɗaki farin bango kamar an ƙara miki rabin fitila ne kyauta. Yana kuma tona asirin sauro da kuɗin cizo da kunama da hanyar gara, ki gan su tun kafin su gan ki. Shi ne kuma mafi sauƙin samu, kuma in ya ƙare ana iya ƙaro wani ba tare da fargabar bambanci ba.

Amma fari ba ya rufa wa kowa asiri. Hannun yaro mai maiƙon miya, wurin da ake jingina kai, jinin sauron da aka make, hayaƙin turaren wuta, duk sai ya nuna. Ƙurar tsakar gida kuwa, kin san rairayinmu, wata uku ya ishe ta ta rina gindin bango. Wasu suna ɗiga bula a ciki don ya yi fari tas. Da rana yana kyau, amma da dare, ƙarƙashin fitilun nan na zamani masu farin haske, ɗakin kan yi sanyi-sanyi kamar ɗakin likita. Fari ya fi dacewa da silin, da saman bango, da ɗakin da ba ya samun rana, da ɗakin dattijuwar da ba yara ke kwana a ciki ba.

Ruwan madara

Wannan fari ne da aka sa wa ɗan ɗigon rawaya. Hasken da yake maidowa bai kai na fari ba, amma tazarar kaɗan ce, ido ba zai damu ba. Abin da ya fi fari da shi: launinsa ya yi kusa da na ƙurarmu, don haka ƙura kan zauna a kansa ba ta yi ihu ba. Yana tausasa farin hasken fitila, fuska ma ta fi kyau a cikinsa. Ga shi ba ya kishi da kowa. Ki jera kwalla da samira da tangaram, ki rataya labule ja ko kore ko mai ruwan zinariya, duk zai karɓe su. Amarya kuwa kayanta kala-kala ne, wannan daga gwaggo, wancan daga inna, babu wanda ya shawarci wani. Bangon da zai sasanta su shi ake nema.

Inda ake kuskure shi ne wajen ɗiga rawayar. Marfi ɗaya ya yi yawa, sai a tashi da ruwan ƙwai. A ɗakin da tagarsa ke duban yamma abin ya fi muni, domin hasken la'asar ja-ja ne, yana ƙara wa rawaya ƙarfi. A irin wannan ɗaki ki rage ɗigon. A wanda ke duban gabas ko wanda bishiya ta yi wa inuwa, kina iya ƙarawa kaɗan.

Ruwan ƙasa mai haske

Ina nufin mai kama da rairayi ko kunun gyaɗa, ba mai duhun makuba ba. Wannan shi ne gwanin ɓoye dauɗa. A falo, a zaure, a ɗakin da yara biyar ke shiga su fita, babu kamarsa. Sai ya shekara biyu bai nuna gajiya ba. Yana tafiya da gadon katako da kabad da tabarma da darduma.

Sai dai yana cin haske. Kusan rabin hasken da ya faɗa masa ne kawai ke dawowa, in ya yi duhu ma bai kai ba. Ƙaramin ɗaki mai taga ɗaya in aka zagaye shi da ruwan ƙasa tun daga ƙasa har sama, sai ki ji kamar bangon ya matso. Sauro kuma ya fi son lungu mai duhu, kuma ba za ki gan shi da sauƙi ba. Akwai kuma abin dariya: mace ta kashe kuɗinta, baƙuwa ta shigo ta ce, yaushe za a yi fentin? Don ya yi kama da yaɓe. In za ki sa shi, ki bar silin da bakin taga da na ƙofa fari, shi ne zai nuna aiki aka yi.

Ruwan toka

Shi ne ake yayi yanzu. Ƴan mata suna ganin sa a waya, a hotunan gidajen Maraɗi da Yamai da Kano, su ce shi suke so. Gaskiya yana da kwarjini in ya sami wurinsa. Amma ki lura da ɗakunan da ke cikin hotunan nan: manyan tagogi na gilashi, tayil mai sheƙi, farin silin, ƙwan lantarki huɗu ko biyar. Su ne ke ɗauke da launin. Ki kawo shi ɗaki mai daɓen siminti da rufin kwano da fitila ɗaya, sai ya zama kamar simintin da ba a gama ba. Jar ƙura tana fitowa ɓaro-ɓaro a kansa, kuma da hunturu, lokacin da sararin sama kansa ya yi toka-toka, ɗakin kan yi kamar ana zaman makoki.

Wani abin kuma, ruwan toka ba ɗaya ba ne. Akwai mai karkata zuwa shuɗi, akwai mai karkata zuwa kore, akwai mai ɗan ruwan ƙasa a ciki. A bakin gwangwani duk kamar ɗaya suke, sai sun hau bango kowane ya nuna halinsa. In ɗiyarki ta kafe sai shi, ku zaɓi mai haske ƙwarai wanda ya karkata zuwa ruwan ƙasa, kuma a gwada shi a bango ɗaya, sauran ukun a bar su fari ko ruwan madara.

To wanne za a ɗauka?

In kin tambaye ni, ga ɗakin kwana irin namu: silin fari, bango ruwan madara, gindin bango kamar mita ɗaya daga ƙasa ruwan ƙasa. Haka ake yi a azuzuwan makaranta da ɗakunan likita, kuma da dalili: dauɗa a ƙasa take, haske a sama ake neman sa. In gindin ya yi dauɗa shi kaɗai za a sabunta, ba sai an taɓa ɗakin duka ba. Ɗakin girki da ake hura itace kuwa, kada a ɓata fenti a kansa, hayaƙi ba ya jin kunyar kowane launi. Farar ƙasa ta ishe shi, a sake duk shekara.

Kada kuma wani ya ce miki farin fenti a ciki zai kashe zafin bazara. Zafin ɗaki daga kwano yake saukowa. Abin da ke rage shi silin ne, ko tabarmi da zana a ƙarƙashin rufi, ko taga biyu masu duban juna, ko a shafa wa bayan kwanon fari daga waje don ya maida rana. Launin ciki ido yake sanyayawa.

Gani ya kori ji

Kada ki zaɓi launi daga waya ko daga marfin gwangwani. Ki sa a shafa miki kamu biyu a bangon ɗakin kansa, ko a kan kwali ki jingina. Ki bari ya bushe, sa'an nan ki duba shi sau uku: da hantsi, da la'asar, da dare da fitilar da kike kunnawa kullum. Ki kawo labulenki da zanen gado ki kara kusa da shi. Ki sani kuma ɗanyen launi daban, busasshe daban. Farar ƙasa tana jiƙe kamar ba a shafa komai ba, sai ta bushe take yin haske, don haka kada ki yi ta lafta mata. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri.

In za a haɗa launi da hannu, wato a sayi fari a ɗiga masa ƴar kwalbar kala, a haɗa na ɗakin duka lokaci ɗaya a baho ɗaya, a juya sosai. Haɗin yau da na gobe ba sa taɓa zama ɗaya. Ki rubuta marfi nawa aka zuba a lita nawa, ki ajiye takardar. Ki kuma rage kamar lita ɗaya a rufe da kyau don gyaran gaba.

Lissafi, tunda mu ƴan asusu ne

Mu ɗauki ɗaki mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, mita 3 tsayi. Zagayensa mita 16, sau 3 ya ba da 48. A cire ƙofa da taga, saura kamar 45. Shafi biyu ake yi, ya zama 90. Lita ɗaya ta fentin ruwa takan rufe wajen 10 a bango mai sumul, ke nan lita 9 zuwa 10. In shafen yana da kaushi ko sabo ne yana sha, ki lissafa 12 ko fiye. Wato babban bokiti mai lita 20 zai yi ɗaki biyu in bangon sumul ne. Kin ga ke nan mace ɗaya ba ta buƙatar bokiti cur. Ku haɗu ku biyu ku raba, ko ku shida ku sayi uku a yi muku ragi, kuɗin mota zuwa Tasawa ma a raba. Nan ne launi mai natsuwa ke da riba: in duk kun tsaya a kan ruwan madara, ragowar wannan ta ƙarasa ɗakin waccan. Da a ce kowa da nata launi, kowa za ta tashi da rabin bokitin da zai bushe a bayan ƙofa.

Araha ba ta ado. Fentin da aka tsinka da ruwa har ya zama kamar kunu, shafi huɗu ma ba zai rufe ba. Ki duba marfin ba a taɓa buɗe shi ba, kuma ki tsaya a kai lokacin da mai fenti ke ƙara ruwa.

Sai maganar da na san wasu ba za su so ba. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi a 1991, ƙa'idar da ta riƙe asusu ita ce: bashi na abin da zai haihu ne. Akuya tana haihuwa, gyaɗar ƙuli tana haihuwa, bango ba ya haihuwa. Mu ce kin ɗauki jaka 20, ƙungiyarku kuma tana ɗora 10 cikin 100 duk wata. Wata uku kin biya jaka 26, alhali fentin bai kawo miki ko dala ba. Daga ina jaka 6 ɗin za ta fito? Daga jarin sana'arki, ko daga hatsin rumbu. Don haka kuɗin fenti ya fito daga rabon ƙarshen zagaye, ko ku buɗe ɗan adashi na gyaran ɗaki daban. In biki ya matso kuɗi bai kai ba, farar ƙasa mai kyau shafi uku ta fidda amarya kunya, fenti ya biyo baya. Daidai ruwa daidai tsaki.

Lafiyar yara ta fi adon bango

Wannan ku karanta shi a wajen taro da babbar murya. Wasu fentin mai suna ɗauke da gubar dalma. Ba a ganin ta, ba a jin warinta. In fentin ya tsufa ya fara zuba, garinsa ya gauraya da ƙurar ɗaki, yaro mai rarrafe ya sa hannu a baki, ta shiga jini. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizani nata da za a ce ba ya cutarwa. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga aikinta a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu. Can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gida ta fito, amma gubar ita ce dai.

An fi samun ta da yawa a fentin mai masu ƙarfin launi, rawaya da ja da ruwan goro da kore. Ke nan launi mai natsuwa ya fi sauƙin haɗari, fentin ruwa kuma ya fi na mai. Amma farin fentin mai ma ba a rantse masa. Shi ya sa gindin bangon nan da na ce a yi da ruwan ƙasa, wanda daidai tsayin yaro yake, ya fi kyau a yi shi da fentin ruwa irin wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. In dole sai na mai, a nemi gwangwanin da aka rubuta babu dalma a ciki: na Faransanci za ki ga sans plomb, masu shigowa daga Najeriya kuma lead free. Ki sa ɗan makaranta ya karanta miki kafin ki miƙa kuɗi.

In za a kankare tsohon fenti, a yayyafa ruwa tukuna don kada ya tashi, a fidda yara da mai ciki, a kwashe garin a binne nesa da rijiya da wurin dabbobi, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Ɗakin da aka sa wa fentin mai a bar shi a buɗe kwana uku ko fiye kafin mai ciki ko jariri ko mai asma su kwana a ciki. Bokitin fenti kuma, na san yana da kyau yana da marfi, amma kada a zuba masa ruwan sha ko fura ko man gyaɗa. A bar shi wa shara da toka. Farar ƙasa irin ta buhu tana cin hannu, in ta faɗa ido a yi ta wanke shi da ruwa mai yawa, a wuce likita ba tare da jira ba.

Lokaci

Yanzu ne lokacinsa: damina ta ɗauke, bango ya bushe, ƙurar hunturu ba ta yi ƙarfi ba. In an makara har hazo ya sauka, a zaɓi ranar da gari ya yi wasai, a fara da sassafe, a yayyafa wa tsakar gida ruwa, don ƙura tana manne wa ɗanyen fenti ta zauna har abada. Da damina kuwa a haƙura.

A zaman wannan mako, shugabanni su tambaya su wa ke da niyyar gyaran ɗaki bana, a auna ɗakunan da igiya, a haɗa lissafin lita, a ga ko saye ɗaya zai ishi kowa. Fitowa ta gaba in Allah ya kai mu za mu duba ƙasan ɗaki: daɓe da makuba, siminti, ko leda, wanne ya fi jure yara da gara. Mai tambaya ta ba wa sakatariyar ƙungiyarta, za ta iso. Allah ya sanya albarka a asusunmu, ya zaunar da amarenmu lafiya. Sai mun sake haɗuwa.